Yaya zan aiki sa'an mahaifina da fayil?

Sabuwar Ma'aikaciya:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga iyayenmu da yayyenmu da suka daɗe a aikin gwamnati.

Bara na gama bautar ƙasa, Allah ya taimake ni na samu aiki a wata ma'aikatar jiha. A matakin albashi na 8 aka ɗauke ni kamar yadda ake ɗaukar mai digiri, aka tura ni sashen mulki, aka ce ni ce zan kula da rajista, inda wasiƙu da fayiloli ke shiga suna fita. Akawu biyu ne a ƙarƙashina, sai masinja ɗaya. Masinjan nan dattijo ne, gemunsa fari fat, kuma tun kafin a haife ni yake ma'aikatar. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya. Kowa Baba yake ce masa.

To ni a gidanmu ba a aiken babba. Ko yayana ban taɓa buɗe baki na ce ya miƙo mini abu ba. Saboda haka idan fayil zai hau sama wurin Darakta, ni nake ɗauka in kai da kaina, Baba yana zaune a benci yana kallona. Rannan Darakta ya ce mini ba don hawa bene aka ɗauke ni ba, idan na bar kujerata wa zai karɓi wasiƙun da ke shigowa? Na san gaskiya ya faɗa, amma da na dawo na dubi Baba sai harshena ya yi nauyi.

Na biyu, da safe nakan rusuna in gaishe shi. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce in daina, wai raini zai jawo mini. Na uku kuma, ɗaya daga cikin akawun, wanda shi ma ya girme ni nesa ba kusa ba, sai wajen ƙarfe goma yake zuwa, amma a littafin sa hannu ya rubuta takwas. Littafin kuwa a teburina yake kwana.

Ba na so in zama marar kunya, ba na kuma so aiki ya lalace a hannuna. Yaya ake yi?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya albarka a aikin. Shekara 35 na yi a gwamnati, mafi yawansu a rajista, kuma yara da yawa sa'o'in 'ya'yana sun zo sun shugabance ni, don haka bari in gaya miki abin da ke zuciyar wancan dattijon.

Rashin aikensa ya fi aikensa ciwo. Mutum ya yi sammako ya bar gidansa, ya zo ya zauna a benci, yarinya tana wuce shi da fayil a hannu tana hawa bene, me kike zaton zai ɗauka? Ko dai ba ki yarda da shi ba, ko kina ganin ya tsufa ba shi da sauran amfani. Kuma Darakta yana gani. Ran da aka tashi maganar waɗanda ba sa aiki, sunansa ne zai fito, alhali ba shi ya ƙi ba. Kai fayil aikinsa ne, a kansa ake biyansa albashi, da shi ya ciyar da iyalinsa shekara da shekaru. Ki bar masa abinsa.

Yadda za ki yi: ki rubuta lambar fayil a littafin fita, ki tashi ki je inda yake, ki ce, “Baba, don Allah a kai wa Darakta wannan, a sa su sa hannu a littafi.” In ya dawo ki ce sannu da ƙoƙari. Shi ke nan. Babu dattijon da zai ji haushin wannan.

Abin da ke ƙona mana rai daban ne. A zauna a kujera a ƙwala maka kira da sunanka tsirara. A aike ka sayen abinci ko katin waya, abin da ba ya cikin aikinka, kuma a gaban baƙi. A yi maka faɗa ƙananan ma'aikata suna ji. Ki kiyaye waɗannan, za ki zauna da shi lafiya.

Sannan ki riƙa tambayarsa. Wanda ya yi shekara talatin yana yawo da fayil ya san wanda ke danne takarda a aljihun tebur, ya san inda tsohon kundi ya shige tun zamanin soja. Ran da aka ce fayil ɗin fanshon wani ya ɓata, hankalin kowa ya tashi, shi ne zai fito miki da shi. Gaisuwa kuwa ki ci gaba da abinki. Ban taɓa ganin wanda ladabi ya rage wa matsayi ba.

Ɗan Kamfani:

Ni gaskiya ina ganin kina wahalar da kanki. A kamfanin da nake aiki a Legas manajana ya haura hamsin, amma da sunansa muke kiransa, shi ya ce a yi haka. Ofis ofis ne, gida gida ne. Ki ba kowa aikinsa, wanda bai yi ba ki rubuta shi. Wannan rusune-rusunen shi ke sa aikin gwamnati ba ya tafiya.

Hajiya Mataki 14:

Ɗan Kamfani, abin da ya yi muku daidai a can ba lallai ya yi a sakatariyar jiha ba. Ta kira Baba da sunansa gobe, kafin azahar labari ya zaga ma'aikata, kuma fayil ɗinta ne zai fara yin nauyin ƙafa.

Ƙanwata, na yarda da duk abin da Malam Tsohon Akawu ya faɗa a kan Baba. A kan gaisuwa ne kawai zan ɗan rage. Ki je har inda yake, ki sunkuyar da kai, ki tambayi iyali, amma ba sai kin kai ƙasa ba, musamman in akwai baƙi a ofis. Mu mata sai mun ninka ƙoƙari kafin a yarda cewa mu ne masu kujerar, kar baƙo ya shigo ya kasa gane wa zai miƙa wa takarda.

Amma ni ba Baba ne ya dame ni ba, akawun nan ne. Ki sani shekara biyun farko na gwaji ne, sai bayansu ake tabbatar da ma'aikaci. Littafin da ke kwana a teburinki, in aka samu ƙarya a ciki, ke za a fara tambaya, ba shi ba. Ki kira shi ku biyu kawai, ki rufe ƙofa, ki tambaye shi lafiya yake makara. Wataƙila yara yake kaiwa makaranta, wataƙila wata sana'a yake taɓawa da safe, don ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kowa ya san ba ya kai ƙaramin ma'aikaci ƙarshen wata. Ki saurare shi da kyau. Sannan ki gaya masa a fili cewa lokacin da ya zo shi zai rubuta, kuma daga gobe za ki riƙa ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan ƙarshe idan lokaci ya wuce. Layin nan kowa zai shafa, har ke, don haka ba zai ce da shi kike ba.

In bai gyara ba, kar ki yi gaggawar rubuta masa takardar tuhuma da kanki. Ki kai maganar wurin wanda ke samanki, a bi ta hanyar da dokokin aiki suka tanada. Takarda in ta shiga fayil ɗin mutum tana bin sa har lokacin ƙarin girma, ba abin wasa ba ce.

Sabuwar Ma'aikaciya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Tsohon Akawu, na yi yadda kuka ce, kuma Baba masinja ya karɓi fayil ɗin ya tafi ba tare da ya nuna komai ba. Akawun ban yi masa magana ba tukuna, sai ranar Litinin in Allah ya kai mu.

Saura tambaya ɗaya. Na ga wasu kan ba masinja ɗan wani abu in ya kai musu takarda. Ni ma in riƙa ba shi?

Tsohon Akawu:

A'a, 'yata, ba a kan fayil ba. In kin haɗa kuɗi da kai takarda, gobe wanda bai bayar ba tasa za ta kwana a ƙasa, kuma ke kika koya. In kina son kyautata masa, ki bari sai albashi ya shigo ko sallah ta matso, ki ba shi a keɓe ki ce a saya wa yara wani abu. In an yi masa rasuwa ko haihuwa, ki nemi abokan aiki ku je har gida.