Wai babu farar hula a Isra'ila? Yadda muka kwashe a guruf ɗin unguwa

Ɗan Auta: Salam jama'a. Ni fa maganar da na faɗa jiya a majalisa ina nan a kanta, babu wani farar hula a Isra'ila, duk wanda ke zaune a ƙasar nan kan gonar wani yake zaune, kuma maza da mata duk aikin soja suke yi, to ta ina ya zama farar hula? Mutanen da aka kora daga gidajensu a 1948, sama da mutum 700,000, aka share ƙauyuka fiye da 400, har yau jikokinsu na riƙe da makullan gidajen a sansanin gudun hijira, wlh duk abin da suka yi don ƙwatar kansu daidai ne har da harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023. Wanda bai yarda ba ya fito da hujja.

Kawu Direba: Yaron nan ya yi gaskiya. Gaza fa tsawonta kilomita 41 ne kawai, ko Kano zuwa Wudil nan ne, a cusa mutum sama da miliyan 2 a ciki a rufe su ta sama da ƙasa da teku tun 2007, sannan a ce su yi ladabi? Ko akuya ka matsa mata sai ta yi cizo.

Anti Nas: Auta ƙanena, kan korar 1948 da mamaya ba mu da saɓani ko kaɗan, kullum da zafin mutanen nan nake kwana. Amma "duk abin da suka yi daidai ne" ɗin nan ba zan iya haɗiye ta ba. A ranar an kashe kusan mutum 1,200, an tafi da wajen 250, cikinsu akwai jarirai da tsofaffi, akwai 'yan Thailand da suka je ƙwadagon gona, akwai ɗalibai 'yan Tanzaniya biyu da suka je koyon noma, baƙar fata irinmu, akwai ma Larabawan ƙauye Musulmi. Ɗan Tanzaniyan nan gonar wa ya ƙwace?

Ɗan Auta: Anti yaƙi ne ai, a yaƙi dole a samu irin wannan. Su nawa suka kashe? Sama da 60,000 a Gaza, ki ƙirga min yaran ciki.

Anti Nas: To ka ji kalmar da ka faɗa yanzu, "yaƙi ne dole a samu irin wannan", ita ce dai kakakin sojan Isra'ila yake faɗa duk sanda suka jefa bam kan tantin 'yan gudun hijira. Ni ina bakin aiki ranar da bam ya tashi a babban masallacin Juma'a na Kano a 2014, da hannuna na cire wa wani yaro silifas ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar babu, mahaifinsa na tsaye a bakin ƙofa riƙe da dardumarsa ya kasa shigowa. Tun daga ranar duk wanda zai min bayanin dalilin da ya halatta kashe yaro, ko da wane yare zai yi, jikina rawa yake.

Kawu Direba: A'a 'yata, kar ki haɗa waɗancan da masu kare ƙasarsu, ba ɗaya ba ne sam.

Anti Nas: Ban haɗa manufarsu ba Kawu, gawar yaron na haɗa.

Ɗalibin Lauya: Bari in shigo. Auta, maganar "kowa soja ne" ba ta tsaya ba ko a lissafi. Wajen kashi 20 cikin 100 na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne, Falasɗinawan da ba a kora ba a 1948, kuma akasarinsu ba a tilasta musu aikin soja, masu tsananin riƙo da addinin Yahudanci ma shekara da shekaru ba sa shiga. Sannan a dokar yaƙi wanda ya ajiye kaki ya koma gida farar hula ne. Dokar nan kuma ita ce makamin da ya rage a hannun Falasɗinawa fa, da ita Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila Kotun Duniya a Disamban 2023 kan zargin kisan ƙare dangi, da ita kotun ta ce a Yulin 2024 mamayar yankunan Falasɗinawa haramtacciya ce a kwashe 'yan kama-wuri-zauna, da ita kotun hukunta manyan laifuka ta ba da sammacin kama Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Gallant a Nuwamban 2024, kuma rana ɗaya ta bayar da na Mohammed Deif na Hamas. Idan muka ce babu farar hula a can, mun yaga takardar da muke riƙe da ita muna cewa Hind Rajab farar hula ce, yarinyar nan da ta yi ta kiran masu agaji a waya daga cikin mota tsakanin gawarwakin danginta har aka kashe ta da ma'aikatan motar asibitin da suka je ɗaukarta.

Ɗan Auta: Yaya wace kotu? Sun kama Netanyahun? Mutumin nan har Amurka yake zuwa ana masa tafi, dala biliyan 3.8 suke ba su duk shekara ta makamai, sau da yawa in an kawo ƙuduri Kwamitin Sulhu su hau kujerar naƙi. Kuma ai sun gwada lumanar, daga 2018 zuwa 2019 mutanen Gaza suka riƙa fita bakin shinge duk Juma'a, aka riƙa harbinsu, sama da 200 suka mutu har da Razan al-Najjar mai ba da agaji sanye da farar rigarta. Arafat ya shiga yarjejeniyar Oslo a 1993 ya amince da Isra'ila, me ya samu? 'Yan kama-wuri-zauna yau sun haura 700,000 a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus. In sun yi shiru a cinye ƙasar, in sun yi zanga-zanga a harbe su, in sun ce a ƙaurace wa kaya a ce ƙiyayyar Yahudawa ce, to ku gaya min me ya rage?

Ɗalibin Lauya: Wannan kam tambaya ce mai nauyi kuma ba zan raina ta ba. Wanda aka mamaye yana da haƙƙin turjiya, ni ban musa ba. Sansanin soja da aka kai wa hari ranar daban, gidan da mace ke ɓoye da 'ya'yanta daban.

Ɗan Sabon Gari: 'Yan'uwa ku ba ni dama, kun san ni Kirista ne kuma na je ziyarar ibada Urushalima. Kafin in tafi abin da na taso da shi a coci shi ne Isra'ila mutanen Allah ne, duk mai gaba da su yana gaba da Allah, shi ke nan. Ranar da za mu Baitalami sai ga katanga ta kankare doguwa ta fi gidan bene, da hasumiyar soja a kai, mu motarmu ta masu ziyara aka ɗaga mata hannu ta wuce, amma na hango mutane jere cikin wani layin ƙarfe kamar na shanu suna jiran a duba takardarsu. Wanda ya sayar min da ƙaramin gicciye na icen zaitun a can Bafalasɗine ne Kirista, ya ce min shi da aka haifa nan sai ya nemi izini kafin ya je Urushalima da ba ta fi kilomita 10 ba, ni da na taso daga Najeriya na shiga ba wanda ya tare ni. Wlh na ji kunya. Shireen Abu Akleh 'yar jaridar Aljazeera da aka harbe a Jenin a 2022 Kirista ce, har akwatin gawarta 'yan sanda suka kusa kayarwa suna dukan masu ɗauka. Cocin Porphyrius na Gaza ma an jefa bam a harabarsa a Oktoban 2023 mutane na fake a ciki. Don haka ni na daina kallonsa yaƙin Musulmi da Yahudu, mu a nan ne muka raba shi gida biyu masallaci da coci. Amma Auta, a otal ɗin da muka sauka matar da ke kula da mu Bayahudiya ce, ta ce iyayenta daga Iraƙi suka zo da akwati ɗaya, Larabcinta ma ya fi Turancinta. Ita in ka ce ta koma inda ta fito, ina za ta?

Kawu Direba: Ai Turawa ne suka kawo su, Ingila ce ta yi musu alƙawarin ƙasar da ba tata ba tun 1917.

Malam Na Islamiyya: Haka ne Kawu, alƙawarin Balfour, kuma Turai ce ta kashe Yahudawa miliyan 6 sannan aka biya diyyar da ƙasar Bafalasɗinen da bai san hawa ba bai san sauka ba, wannan zalunci ne ba mai wanke shi. Amma abin da ɗan'uwanmu ya faɗa gaskiya ne, dubban ɗaruruwa daga Maroko da Iraƙi da Yaman da Masar suka fito bayan 1948, wasu don kansu wasu don an takura musu, yau jikokinsu ba su san wata ƙasa ba. Auta ɗana, zafin zuciyarka na alheri ne, Allah Ya ba ka ladansa, amma addini bai bar mu haka sakaka ba. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham, wannan yankin dai da muke magana a kai, cewa ya yi kar a kashe mace, kar a kashe yaro, kar a kashe tsoho, kar a sare itace mai 'ya'ya, masu ibada a ɗakunan ibadarsu a ƙyale su. A cikin Ma'ida kuma an ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Ba a ce sai in maƙiyin ya kiyaye ba, ba a ce sai in kuna da ƙarfi ba.

Ɗan Auta: Malam Allah Ya gafarta, ni ban isa in ja da wannan ba. Amma mu muna kan katifa muna yanke wa wanda aka haifa a kurkuku hukunci. Sheikh Ahmad Yasin kansa a ƙauyen Jura kusa da Askalan aka haife shi, yana yaro aka kore su, mafi yawan mutanen Gaza haka suke, ta bayan waya suna hango gonakin kakanninsu.

Anti Nas: To bari in ba ka wata. Vivian Silver, tsohuwa mai shekara 74 a Be'eri, wani ƙauyen Isra'ila kusa da Gaza, rayuwarta kaf a neman haƙƙin Falasɗinawa ta ƙare, har da motarta take ɗaukar marasa lafiyan Gaza daga bakin iyaka ta kai su asibiti. A gidanta aka kashe ta ranar 7 ga Oktoba. Ka ce min ita ma halal ce?

Ɗan Auta: Ban san da ita ba gaskiya.

Ɗalibin Lauya: Kuma abin da ke ƙona min rai, masu tsattsauran ra'ayin ɓangarorin biyu junansu suke ciyarwa. Baruch Goldstein ya shiga masallacin Annabi Ibrahim a Hebron cikin azumin 1994 ya kashe masallata 29, bayan nan bama-bamai suka fara tashi a motocin bas, Rabin, firaministan Isra'ila da ya gaisa da Arafat kuma Bayahude ɗan'uwansa ne ya harbe shi a 1995. Netanyahu da kansa ya bari kuɗin Qatar na shiga Gaza tun 2018 saboda rabuwar Hamas da Fatah ta fi masa, muddin suna rabe zai ce ba shi da abokin tattaunawa. Can Ramallah kuma Mahmud Abbas tun zaɓen 2005 yake kan kujera, na majalisa tun 2006 ba a sake ba, yaron Gaza da aka haifa bayan nan bai taɓa zaɓar kowa ba amma shi ake rusa wa gida a ce ai su suka zaɓi Hamas. Ka lura Auta, "ai su suka zaɓa, babu marar laifi a Gaza" ita ce maganarka aka juya ta.

Kawu Direba: Ni Larabawan ma sun fi ba ni haushi. Masar na da ƙofa a Rafah, Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka je suka ƙulla zumunci a 2020, mu nan talakawa ne ke ta kuka muna ƙin sayen lemo.

Malam Na Islamiyya: Ku san kuma muna da jini a can. Dab da ƙofar Masallacin Ƙudus akwai unguwar 'yan Afirka, jikokin alhazan da suka fito daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal suka zauna. Fatima Barnawi daga cikinsu take, mahaifinta ɗan Najeriya ne, sunan ma ya nuna Barno, tana cikin matan farko da Isra'ila ta ɗaure bayan yaƙin 1967, shekara 10 ta yi. Abin da ya kai ta kuwa bam ta ajiye a gidan sinima a Ƙudus, Allah Ya sa bai tashi da mutane ba. Ina girmama jarumtarta da abin da ta sha, kuma ina gode wa Allah da bai tashi ba, duka biyun a zuciyata suke ba sa faɗa da juna.

Ɗan Auta: To na ji. Yara da tsofaffi da baƙin ma'aikata na janye, na yi kuskure da na ce babu farar hula. Amma ɗan kama-wuri-zauna da ya rataya bindiga ya zo ya ƙona wa mutum zaitun a Gaɓar Yamma ya kore shi daga rijiyarsa, soja na tsaye na gadinsa, wannan kar wanda ya ce min farar hula ne. Kuma kar a zo ana cewa duka ɓangarorin ɗaya ne, ɗaya na da jiragen yaƙi ɗaya ko ruwan sha sai an buɗe masa.

Ɗan Sabon Gari: A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ranar Lahadi ma zan ɗaga maganar Kiristocin Baitalami a taron matasanmu, na san za a yi min ca amma zan faɗa.

Anti Nas: Ni ma ban ce ɗaya ba ne ƙanena, ko kusa. Mai bindigar nan ka bar shi da Ɗalibin Lauya ku yi ta yi, amma 'yarsa 'yar shekara 4 da ke barci a ɗaki ba ta cikin lissafin. Bari in tashi, lokacin allurar ƙarfe 12 ya yi, akwai yara uku a ɗakin da ban duba ba.