Abin da aka tattauna kan farin ciki da ƙaunar Allah

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga amsoshin da aka ba 'yar'uwarmu da ta ce tana zuwa sujada amma zuciyarta a bushe take.

1. Kusan kowa ya yarda ƙaunar Allah ba ladan ƙoƙarinmu ba ce. An yi ta kawo Romawa 8:38-39, cewa ba abin da zai raba mu da ita.
2. Da yawa sun ce kaɗaici ke ƙara nauyin. Wata ta faɗi yadda matan Zumunta (ƙungiyar matan coci) suka kawo mata tuwo da itacen girki bayan rasuwar mijinta, suka zauna suna waƙa har dare. Ta ce ranar ta san ana ƙaunarta. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.
3. An kuma ba da shawarar yin addu'ar asuba da karanta Zabura, ko aya ɗaya ce.

Inda aka rabu: wasu sun ce mai bi kada ya daɗe cikin baƙin ciki, tunda Bulus yana kurkuku ya ce wa Filibiyawa su yi murna. Wasu suka ce Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru, kuma in damuwar ta ƙi tafiya, a ga fasto, a ga likita.