Miyar taushena ta ƙi zama irin ta Kaka

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Duk lokacin kaka, in an cire sabuwar gyaɗa, Kakarmu (Allah ya jiƙanta) kan yi mana miyar taushe a tukunyar ƙasa, mu jikoki muna bakin murhu muna murza tumu yana ƙona mana tafin hannu.

Bana sau uku ina gwadawa, tawa sai ta tsinke, ruwa gefe kabewa gefe, tsamin yakuwa kuma ya rufe komai. Ni sai kabewar ta narke nake zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko kuskuren ke nan? Yakuwar fa, tafasa ta ake a zubar da ruwan, ko 'yar kanwa ta wadatar? Na tambayi Mama, wai ita Kaka da ido take awo.