Tsaka a Akwatin Gilashi

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Ina Filadelfiya ta Amurka, na shiga gidan tarihin halittu na birnin, wanda aka kafa tun 1812, na tarar an baje kolin tsaka masu rai. Ga waƙa a kansu, duk mai son amsawa ya riƙe babban amsa-amo da "ka".

Na je gidan da ake ajiyar halitta,
Na biya kuɗi na tsaya ina kallonta,
Koriya shar, Madagaska ce ƙasarta,
Ashe akwai mai kyan gani a cikin tsaka.

Tana hawan gilashi ba ta zamewa,
Ido buɗe, ba fatar da ke rufewa,
Harshe take miƙa masa don gogewa,
Na ce tsarki ya tabbata ga Mai yin haka.

Gwaggon Yara:

Ɗana, ashe dalarka ba ta da aiki,
Ka biya ka kalli abin da ke bangon ɗaki?
Zo Kano in nuna ma, ka bar mamaki,
Bayan fitila goma suke, kyauta duka.

Ɗan Fagge:

Gwaggo, a gafarce ni, taki guda ce,
Danginsu sun haura dubu da ɗari biyar, an tantance,
Wata a reshe tana nan shiru a kwance,
Ka rantse busasshen ganye ne na kuka.

Malam Na-Damagaram:

Yaro, kana yabon wadda ta hura wuta,
Ga Annabi Ibrahimu don mugunta,
Muslim ya kawo ladan mai kashe ta,
Ɗari ne cif in ta mutu a farkon duka.

'Yar Sakkwato: Allah ya ƙara basira, Malam! Baiti ɗaya, Kanawa sun yi tsit.

Na-Kurmi: Wane tsit? Ɗan Fagge ya kawo baiti uku da ilimi a ciki, ku kuwa tafi kawai kuka iya.

Ɗan Fagge:

Allah gafarta Malam, ban ja da hadisi ba,
Duban halitta kuwa ba a hana mu ba,
Ban ce a ɗauke ta a goya a baya ba,
Tafin ƙafarta na je gani, ba fuska.

Tafin nan fa ba danƙo ne a jikinsa ba. Gashi ne sirara birjik, ido ba ya ganinsu, kowane sili ya rarrabu a baki, su ke kama bango. A shekarar 2000 masana suka auna ƙarfin sili ɗaya tak daga ƙafar wata tsakar Asiya mai suna tokay. Na ga tokay ɗin manne da gilashi, cikinta yana fuskantata, yatsun a baje, in za ta ɗaga sai ta nannaɗe su ta baya.

Sarkin Aruli: Ɗan Fagge, bar labarin yatsu. Ɗangonka na "dubu da ɗari biyar" ya yi ƙiba, ba ƙafar da za ta ɗauke shi. Sannan jera "ba, ba, ba" ba amsa-amo ba ne, ragwanci ne.

Uwar Biyu: Yanzu na shigo, ina aikin gida.

Ku bar batun lada, ni tsorona miya,
In ta faɗa tukunya an ce sai jinya,
Kakata ta ce kuturta ke biyo baya,
Wa zai ci tuwon don an yabe ta a waƙa?

Ɗan Asibiti:

Yaya, ba tsaka ke sa wa mutum kuturta,
Ƙwayar cuta ce, kuma akwai maganinta,
Ba ta da dafi, dattin yana ga kashinta,
Ki rufe miya, ki bar ta da sauron ɗaka.

Sarkin Aruli: Uwar Biyu, an ce "ka", kin kawo "ƙa". Mai lanƙwasa daban, marar lanƙwasa daban. Baitin ya faɗi.

'Yar Sakkwato: A kunne ake jin waƙa, ba a allo ba. Rera shi ka ji ko ya faɗi.

Sarkin Aruli: Na rera. Maƙogwaro ya shaida.

Na-Kurmi: Yau kam ina bayan Sakkwatawa. Kullum gyara, ba mu taɓa ganin baitinka ba.

Ɗan Fagge: Jama'a, ban gama ba! Akwai wata mai kaurin wutsiya, an rubuta Afirka ta Yamma a akwatinta, har Najeriya tana ciki. Ita tana da fatar ido, tana ƙiftawa.

Uwar Biyu: Bari tukuna, ƙanena, ina da bashi.

Sarkin Aruli, mai awon gaɓa da sanda,
Kai ne ka san ƙafa, ka san inda da inda,
To sauko fili, mu ga gonar da ka huɗa,
Ko baiti ɗaya, mu ma mu auna naka.

Sarkin Aruli: "Huɗa" ba ta hau "sanda" ba. Baitina yana zuwa bayan isha'i.

Gwaggon Yara: Wace isha'in, ta Kano ko ta Amurka?