Neman kalmar Hausa: tuƙin da ake yi ba a kan titi ba

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum, malamai. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani rahoto kan ƙudurin da NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ta gabatar a watan Satumba na 2024, wanda yake neman a riƙa ƙera gaban mota yadda raunin kai zai ragu idan ta buge mai tafiya a ƙasa. Rahoton yana duba ko hakan zai shafi manyan motoci masu tudun gaba, waɗanda ake barin titi da su a shiga rairayi, duwatsu ko taɓo. Yaya zan kira irin wannan tuƙi?

Wani direba, Riyad: Wa alaikumus salam. Mu da muke kai iyalai Sumama, wani wurin shaƙatawa a hamada kusa da Riyad, a lokacin sanyi, taɗ'is muke cewa kamar yadda Larabawa suke faɗi, wato a sassauta iskar taya a hau tudun rairayi.

Wani malami, Makka: Ɗan'uwa, taɗ'is ba Hausa ba ce, kuma rairayi kaɗai ta tsaya a kai, alhali rahoton ya haɗa da dutse da laka. Na daɗe ina ba da shawarar "bar-kwalta", a kan tsarin "faɗi-tashi" da "cika-ciki".

Wata malama, Madina: Allah ya gafarta Malam, ai ita kanta kwalta daga Turanci aka aro ta. Ni "tuƙin jeji" nake gani, domin jeji ya ƙunshi duk inda babu gari babu hanya. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a ce "tuƙin ganganci", don wannan shi ne tafhiɗ, wanda tun gyaran dokar hanya ta Saudiyya a 2016 tararsa a karon farko riyal 20,000 ce, kuma bai kamata a haɗa shi da mai fita hamada da iyalinsa ba.

Malamin Makka: Kwalta ta shekara da shekaru a bakin Bahaushe har ta zama 'yar gida. Damuwata ita ce 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda rabin zancensu Larabci ne, a ce su ne za su zaɓa wa mutanen Kano da Damagaram kalma.

Direban Riyad: Malam, a Makka aka haifi mahaifina, kuma har ya rasu da Hausa yake yi mana faɗa. Ba mu zubar da harshenmu ba don mun ari kalma ɗaya.

Mai tambaya: Ku yi haƙuri, dare ya yi. Na gwada "bar-kwalta" a jimla, sai "dokar za ta shafi masu bar-kwalta" ta fito kamar ana maganar ma'aikatan gyaran hanya da suka tafi yajin aiki. Zan sa "tuƙin jeji", in yi bayaninsa a ambaton farko.

Malamin Makka: To, a sa. Amma duk wanda ya ga tseren motoci na Dakar, da ake yi a nan Saudiyya tun 2020, ya san Rub'ul Khali hamada ce, ba jeji ba. Idan an zo fassarar wannan, za mu sake zama.