Gida a Alƙahira: me zan duba kafin in ba da kafin alƙalami?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Masar. Ni ɗan Kantin Kwari ne, ina shiga Alƙahira sau uku ko huɗu a shekara saro jallabiya da abaya. Ga Hajiyarmu da muke kaiwa ganin likitan gwiwa, ga babban ɗana yana karatu a Azhar. Ranar da na zauna na buga abin da otal da haya suke cinye min, sai na ce gara mu sami namu wurin.

Dillali ya kai ni wani gida a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr. Ɗaki uku da falo, hawa na huɗu, tsohon gini. Tayil ya dafe, ƙofar banɗaki ta ruɓe daga ƙasa, kicin kuwa sai dai a fasa a sake. Amma iska na shiga sosai, kuma masallaci na bakin layin. Mai gidan ya ce takardarsa "sihhat tauƙi'i" ce daga kotu, wai kowa da ita yake saye. Dillalin kuma ya hana ni sakat, wai akwai wani ɗan Sudan da ke jira da kuɗi a hannu. In ba da wani abu a riƙe min?

Ɗan Azhar:
Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kar ka ba da ko sisi tukuna. Wannan takarda abin da kawai take tabbatarwa shi ne mutumin nan ne ya sa hannu. Kotu ba ta duba ko gidan nasa ne ba. Mallaka ta gaskiya ita ce wadda aka yi wa rajista a ofishin Shaharul Aƙari. Gaskiya ne gidaje da yawa a nan ba su da rajista, 'yan ƙasa suna saye a haka, amma su in rigima ta tashi suna da dangi da lokacin zaryar kotu. Kai kana Kano.

Ka ɗauki lauyanka, ba wanda dillali zai kawo ba. Ya bi sawun takardun tun daga mai filin, ya ga lasisin gini, ya tabbatar hawan naka yana cikin waɗanda aka ba izini, don akan ɗora hawa ba da izini ba. In an ce an yi sulhu da hukuma, wato tasaluh, a nuna takardar ƙarshe, ba rasit ɗin nema ba. Leƙa mitar wuta ma: in irin mai lamba ce ba suna, wadda suke kira kodi, to ginin yana da magana. In gidan gado ne, kowane magaji sai ya sa hannu.

Sannan dokar 230 ta 1996 ta hana baƙo sayar da gidan da ya mallaka kafin shekara 5, sai da izini na musamman. Ɗan kasuwa ya kamata ya san da wannan kafin ya binne jarinsa. Kuɗin kuma ka turo ta banki ka adana shaida, ita za a nema in kana son iƙama ta dalilin gida.

Ɗan Sudan da ke jira kuwa, kowane dillali yana da nasa.

Maman Biyu:
Alhaji ni ta gyara zan ba ka labari, don na sha. Namu a Sitta Oktoba yake, wani gari a gefen Alƙahira. Na zaɓi tayil mai kyau, aka yi fenti, aka sa labule, na dawo gida ina nuna wa 'yan uwa hoto a waya. Wata biyu sai ga kiran bawwab, mai gadin ginin, wai matar da ke ƙasa da mu silin ɗin banɗakinta yana ɗiga. Ashe tsofaffin bututun ƙarfe ne a cikin bango, sun ci tsatsa, mai aikin ya shafe su da siminti ya ɗora tayil a kai. Haka aka farfasa sabon tayil ɗin da na biya, na kuma gyara wa maƙwabciya nata.

Wannan ƙofar da ka ce ta ruɓe daga ƙasa, ruwa ne yake ba ka labari. Ka fara da mai famfo da mai wayarin, a canza komai. In an shimfiɗa abin hana yoyo a ƙasan banɗaki, a toshe magudana a tara ruwa ya kwana biyu, ka sauka da kanka ka duba silin ɗin na ƙasa kafin a sa tayil ko ɗaya. Kuma kar ka ba ɗan kwangila kuɗi dunƙule. Muna tsakar aiki a Maris 2024 aka saki fam ɗin Masar, dala ta tashi daga wajen 31 zuwa kusan 50, washegari nawa ya ce tsohon lissafi ya rushe, alhali kuɗin kayan suna aljihunsa tun tuni. Ku je kanti tare, a sayi kaya a gabanka, ladan aiki kuma kashi-kashi. Ka riƙa ɗan ihsani ga bawwab, shi ne idonka in ba ka nan.

Na Fagge:
Ni tambaya ɗaya gare ni. Ka ce ciwon gwiwa ke kai Hajiya, ka kuma ce hawa na huɗu a tsohon gini. Akwai lifta? In akwai, tana aiki, kuma wa ke biyan kuɗin gyaranta?

Baban Ummi:
Na Fagge wallahi ka kama ni. Babu lifta, ni iskar ce ta ɗauke min hankali. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ce wa dillali ya bar wa ɗan Sudan. Ɗana zai nemo mana hawa na ɗaya, in an samu kuma lauya zai fara ganin takarda kafin ni in ga falo. Maman Biyu, in wanda ya yi miki gyara na biyu yana da amana, a taimaka min da shi ta akwatin saƙo.