Mai son karatun netwok, kwas ɗin koyon kwamfuta na aji ɗaya ba ɓata lokaci ba ne?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Na samu gurbi a jami'a ɓangaren kimiyyar kwamfuta, kuma ni tun farko abin da ya ja ni shi ne netwok, ina so in gane yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, su rauta da suwic da saba da sauransu. To da na duba jerin kwasa-kwasan sai na ga ashe ba za mu taɓa netwok ba sai mun kai aji uku, yanzu abin da ake koya mana shi ne menene kwamfuta, yadda ake buɗe folda, Word da Excel da PowerPoint, sai kuma lissafin baynari wanda har yanzu ban ga inda zai amfane ni ba. Gaskiya raina ya fara fita daga kwas ɗin.

Tambayata biyu ce. Shin in zage damtse a wannan kwas ɗin ko in yi masa karatun cin jarrabawa kawai in zuba lokacina a shirin CCNA, wato jarrabawar satifiket ɗin netwok ta kamfanin Cisco? Sannan ba ni da rauta ba ni da suwic, laptop ce guda ɗaya tsohuwa mai RAM 4GB, ta ina zan fara? Na gode.

Mai_Kebul:

Wa alaikumus salam ƙanina. Baynarin nan da kake rainawa shi ne ƙashin bayan netwok ɗin da kake so, kar ka sake ka bar shi ya wuce ka. Adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, irin na IPv4 bit 32 ne (bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya a baynari), an raba shi gida huɗu kowanne bit 8, shi ya sa ba za ka taɓa ganin lamba ta wuce 255 a cikinsa ba. Yanzu a ce an ba ka 192.168.1.0/24, wato bit 24 na farko na netwok ne sauran 8 na na'urori, aka ce ka raba shi wa ofisoshi huɗu, me za ka yi? Za ka aro bit 2 ya koma /26, mask ɗinka, wato lambar da ke nuna inda ɓangaren netwok ya ƙare a adireshi, ya zama 255.255.255.192, kowane ofis ya samu adireshi 64, a cire na farko da na ƙarshe saura 62 da za a iya bai wa na'urori. Daga ina 192 ɗin nan ta fito? 11000000 ce a baynari, wato 128 a tara da 64. Wanda ya riƙe lissafin aji ɗaya da ka zai yi wannan kafin ka ɗauko biro, wanda ya yi masa karatun cin jarrabawa kuwa sai ka gan shi a aji uku yana haddar tebur yana mantawa yana sake haddacewa, kuma a CCNA ɗin da kake magana babu inda za ka gudu daga rabon adireshi, yana nan yana jiranka.

Excel ma kar ka yar da shi. Duk inda aka haɗa netwok dole a rubuta wace na'ura ce ke da wane adireshi, wane kebul ya shiga wace kafa a suwic, kuma da yawa a Excel ake ajiye wannan. PowerPoint dai ba zan yi maka dogon wa'azi a kansa ba, ka iya shi daidai gwargwado ka wuce.

Anti_Lab:

Na yarda da Mai_Kebul a maganar baynari ɗari bisa ɗari, amma fa yaron nan yana da gaskiya ta wani ɓangaren kuma ya kamata a faɗa masa. Jira har aji uku kafin ka taɓa netwok kuskure ne, kuma ko ka kai aji ukun ba lallai ka samu abin da kake zato ba. Ni a ɗakin gwajin kwamfuta nake aiki, ina ganin ɗaliban da za su karanto maka matakai bakwai na OSI, wato tsarin da ke kasa aikin netwok hawa-hawa, daga sama har ƙasa ba gargada, amma ka miƙa musu kebul da kan RJ45 da ake maƙala wa bakinsa da abin matsewa ka ce su haɗa, sai ido ya raina fata. Alhali abin ba wuya, ka feƙe rigar kebul ɗin, ka warware wayoyin nan takwas ka jera su a tsarin T568B, fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, ka yanke bakinsu ya daidaita, ka tura har sai ka hango jan ƙarfen ya taɓa ƙarshen kan, sannan ka matse. Kuma ka san kebul irin Cat5e ko Cat6 ba a wuce mita 100 da shi. Wannan a hannu ake koyonsa, allo ba ya koyar da shi, kuma laifin ba na ɗaliban ba ne in ba a ba su kayan sun taɓa ba.

Maganar rashin kaya kuwa ba hujja ba ce yanzu ɗana. Ka yi rajista a Cisco Networking Academy ka sauke Packet Tracer, kyauta ne, a ciki za ka jawo rauta da suwic da kwamfutoci ka haɗa su da kebul ka rubuta musu umarni kamar na gaske. Laptop ɗinka za ta ɗauka in dai ba ka cika mata na'urori ba, takwaransa GNS3 ne mai cin RAM, shi ka bar shi sai gaba. Sannan ka saka Wireshark, shi ma kyauta, ka kunna shi ka buɗe shafi ɗaya a burauza ka zauna ka kalli abin da ke fita daga kwamfutarka, za ka ga ta fara tambayar DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba, adireshin shafin ta kafar sadarwa mai lamba 53, sannan ta yi gaisuwar nan mai hawa uku ta TCP, ƙa'idar ƙulla sadarwa tsakanin kwamfutoci, SYN, SYN-ACK, ACK, sannan ta ɗauko shafin ta kafa mai lamba 443. Ranar da ka ga wannan da idonka, lakcar aji uku za ta zo maka da sauƙi wallahi.

Malam_TCP:

Hajiya na ji ƙorafinki kuma ban musa ba, muna da kwasa-kwasan da aikin hannunsu ya yi kaɗan. Sai dai ina so in tare wa OSI faɗa, don kar yaron ya tashi da tunanin cewa hadda ce kawai ta banza. Amfaninta yana fitowa ranar da netwok ya tsaya kowa ya zuba maka ido. Wanda ya fahimce ta daga ƙasa zai fara, shin fitilar kafar suwic tana ci? In tana ci, kwamfutar ta samu adireshi? In ya buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta, ya ga adireshi mai farawa da 169.254 ya san nan take DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, shi ne bai amsa ba kwamfutar ta raɗa wa kanta. In adireshi lafiya, ping, wato umarnin gwada ko saƙo na isa, zuwa wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8 yana tafiya amma shafi ba ya buɗuwa da suna, to matsalar DNS ce. Wanda bai da wannan tsarin a ka sai dai ya yi ta kashe rauta yana kunnawa.

Kai kuma ɗalibi, CCNA abu ne mai kyau kuma ina ƙarfafa maka gwiwa ka yi shi, amma ka sani satifiket ɗin shekara uku yake yi sai an sabunta, manhajarsa ma tana canzawa, a watan Fabrairun 2020 aka haɗe tsofaffin rassansa aka koma jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301. Shi kuwa TCP/IP tun 1 ga Janairun 1983 ARPANET, netwok ɗin da intanet ta samo asali daga gare shi, ta koma kansa, aikin da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tushensa a 1974, kuma har yau a kansa intanet ke tafiya. Abin da jami'a ke ƙoƙarin ba ka shi ne irin wannan da ba ya tsufa da wuri. Ka kuma lura da lissafin heksa, wato ƙirga mai tushe 16, in an zo kansa a kwas ɗinku, domin adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, IANA, hukumar da ke raba adireshin intanet, ta raba ragowar da ke hannunta a Fabrairun 2011, IPv6 kuma bit 128 ne kuma da heksa ake rubuta shi.

Sabon_Shiga:

Kai, Allah ya saka da alheri, ban taɓa sanin 255 ɗin nan daga baynari ta fito ba. Na sauke Packet Tracer kuma na buga ipconfig kamar yadda Malam ya ce, sai na ga 192.168.0.101, amma abin da ya ɗaure min kai na tambayi wani abokina da ke wata jami'ar daban shi ma ya duba ya ce nasa 192.168.0.101 ne sak. Ba an ce adireshi ba ya zama na mutum biyu ba?

Mai_Kebul:

Yawwa, ka fara tambayar 'yan netwok kenan. Akwai rukunin adireshi uku da aka ware don amfanin cikin gida, masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168, waɗannan ba sa yawo a intanet don haka kowa na iya maimaita su a nasa netwok ɗin, kamar dai lambar ɗaki ce a otal, kowane otal yana da ɗaki na 101 kuma ba a rikicewa. Idan saƙonka zai fita waje rauta ce ke cire adireshinka ta saka nata na waje ta rubuta a teburinta, in amsa ta dawo ta duba ta miƙo maka, shi ake kira NAT.

Ga aikin da zan ba ka kafin ƙarshen mako. A Packet Tracer ka jawo suwic ɗaya da kwamfuta biyu, ka ba ɗaya 192.168.1.10 ɗayar 192.168.1.70, duka da mask 255.255.255.0, ka yi ping za ka ga ya tafi. Sai ka canza mask ɗin duka biyun zuwa 255.255.255.192 ka sake ping ɗin, ba zai tafi ba. Ka rubuta 10 da 70 a baynari a takarda ka kalli bit biyun farko na kowanne, ka dawo nan ka gaya mana dalili.